Wane ne ya cancanci shiga Zauren Gwarzayen hoki na ƙanƙara, wane ne kuma zai jira?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Kanada, kuma abokan aikina ba su da hira sai ta hoki na ƙanƙara. Kwanan nan gardama ta kaure a tsakaninsu a kan tsofaffin 'yan wasan da ba a sa su a Hockey Hall of Fame ba. Wani dattijo ya ce barin Paul Henderson a waje zalunci ne, wasu kuma suna ta musu tsakanin Curtis Joseph da Chris Osgood. Ni dai na yi shiru don ban san ma'aunin ba. Da me ake auna wanda ya cancanta, kuma su wa kake ganin an danne wa haƙƙi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya, ma'aunin da ake bi da kuma sunayen da suka cika shi. Na farkon ya fi wuya, domin yawancin masu gardamar nan kowa da nasa ma'aunin yake zuwa, shi ya sa ba sa taɓa daidaitawa. Sunayen da zan kawo duka a kan yadda abubuwa suke ne bayan zaɓen shekarar 2025.

Yadda ake zaɓen

An kafa wannan zaure a 1943, aka karrama rukunin farko a 1945. Tun 1993 yana tsakiyar birnin Toronto, a wani tsohon ginin banki da ke mahaɗar titunan Yonge da Front. In ka samu hutu ka je. A babban ɗakin da ke ƙarƙashin ƙubbar gilashi mai launi za ka ga allunan gilashi jere, kowane ɗauke da zanen fuskar gwarzo da taƙaitaccen tarihinsa. A cikin tsohuwar ma'ajiyar kuɗin bankin kuma aka adana ainihin kwanon azurfar da Lord Stanley ya bayar, wanda shi ne asalin Kofin Stanley, kofin da zakarun gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ke ɗagawa. Duk wanda ya tsaya a ɗakin nan zai gane dalilin da ya sa ƙattin maza ke kuka idan aka buga musu waya aka ce an zaɓe su.

Mutum 18 ne ke zaɓen: tsofaffin 'yan wasa, masu horarwa, shugabannin ƙungiyoyi da 'yan jarida. Suna zama a watan Yuni, a yi bikin karramawa a watan Nuwamba. Sai ɗan wasa ya yi shekara uku da barin wasa kafin a duba sunansa, kuma sai ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, wato 14 daga cikin 18. A shekara ba a wuce maza huɗu da mata biyu a ɓangaren 'yan wasa. A da akan ɗage wa fitattu sharaɗin shekara ukun, kamar Gordie Howe da Bobby Orr da Mario Lemieux, amma daga Wayne Gretzky a 1999 aka rufe wannan ƙofar. Ƙa'idar da aka rubuta ta ce a duba iya wasa, da ladabin wasa, da halin mutum, da gudummawar da ya ba ƙungiyarsa da wasan baki ɗaya. Babu inda aka ce sai ka ci ƙwallo kaza ko kofi kaza. Wannan sassaucin shi ne tushen duk gardamar da kake ji.

Ka lura kuma zauren na wasan hoki ne gaba ɗaya, ba na gasar NHL kaɗai ba. Shi ya sa aka sa golan Tarayyar Sobiyet Vladislav Tretiak a 1989 alhali bai taɓa buga NHL ba, kuma aka fara sa mata a 2010 da Cammi Granato da Angela James.

Alƙaluma da zamaninsu

Abin da mutane suka fi saurin kawowa shi ne lissafi: ƙwallaye nawa, maki nawa. Ƙwallon wasan ɗan faifan baƙar roba ne, kuma maki shi ne jimillar waɗanda ka zura da waɗanda ka ba wani ya zura. An daɗe ana ɗaukar ƙwallo 500 ko maki 1,000 a matsayin takardar shiga. Matsalar ita ce darajar ƙwallo tana sauyawa da zamani, kamar kuɗin buhun gero: wanda ya ce maka ya sayi buhu naira kaza bai gaya maka komai ba sai ya faɗi shekarar.

A farkon shekarun 1980 ana zura kusan ƙwallo takwas a wasa ɗaya idan aka haɗa ɓangarorin biyu. Gololi na tsaye ne, kayan kariyarsu ƙanana, tsaron baya kuma sako-sako. A kakar 1985-86 Gretzky ya tara maki 215. Zuwa kakar 2003-04 abin ya faɗo zuwa biyar da ɗan ɗoriya, saboda gololi sun koyi durƙusawa su toshe ƙasan raga, kayansu sun ƙara girma, ƙungiyoyi sun koyi cunkushe tsakiyar fili, alƙalai kuma suna kau da kai ga riƙe-riƙe da maƙale mutum da sanda. A waccan kakar ƙwallo 41 ta isa mutum ya zama kan gaba a duk gasar. Ɗaya daga cikin ukun da suka yi kunnen doki a wannan adadi shi ne Jarome Iginla na Calgary, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Iginla ya gama da ƙwallo 625 da maki 1,300, akasarinsu a lokacin da cin ƙwallo ya yi tsada, ya shiga zauren a rukunin 2020 ba tare da ya taɓa ɗaga Kofin Stanley ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi jayayya da hakan ba. Kwatanta shi da Bernie Nicholls, wanda ya zura 70 ya tara maki 150 a kakar 1988-89 yana ƙungiya ɗaya da Gretzky a Los Angeles. Ya wuce maki 1,200 a rayuwarsa, amma har yau yana waje, kuma a ganina kwamitin bai yi kuskure ba.

Ma'aunin da nake bi

Idan zan rubuta a kan wani tsohon ɗan wasa, ba na fara duba jimillar abin da ya tara. Ina ɗauko shekarunsa biyar ko shida mafi kyau, in jera shi da takwarorinsa masu buga gurbi ɗaya da shi a waɗannan shekarun, in tambayi kaina: shin yana cikin 'yan ƙalilan da suka fi kowa? Shin kocin abokan hamayya yana kwana yana tunanin yadda zai tare shi? Ina duba ƙuri'un kyaututtukan ƙarshen kaka, domin su ne shaidar waɗanda suka gan shi a lokacin, kafin kewa ta ƙawata labari. Daga nan in koma in kalli cikakkun wasanninsa, musamman na zagayen neman kofi, ba guntayen bidiyon da aka tsinto masu kyau ba. Tsawon shekaru da jimilla suna zuwa daga baya, su ƙara wa hujja nauyi.

Shi kansa kwamitin ya sha bin wannan hanyar. Orr wasa 657 kawai ya buga kafin gwiwa ta kayar da shi, amma sau takwas yana zama gwarzon 'yan baya. Cam Neely wasa 726, Pavel Bure 702, Peter Forsberg 708, Eric Lindros 760, duk rauni ya datse musu wasa, duk kuma suna ciki. Sai dai ya sha bin ɗaya hanyar ma. Mike Gartner ya zura 708 ba tare da kofi ko wata babbar kyauta ba, ya shiga a 2001. Dave Andreychuk mai 640 ya jira har 2017. To da wannan, kowane mai gardama yana da sunan da zai nuna ya ce "ai an sa wane, me ya hana wane?" Ba na karɓar irin wannan hujjar. Idan za a riƙa auna kowa da mafi rauni a cikin waɗanda suka shiga, ƙofar ba za ta daina faɗi ba.

Batun kofi kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 20 ke sa riga a kowane wasa, kuma ɗan gaba mafi ƙwarewa bai cika wuce sulusin lokacin wasa a kan ƙanƙara ba. Henri Richard ya ci kofi 11 da Montreal, yawancinsu a zamanin da ƙungiyoyi shida ne kawai a gasar. Yau 32 ne. Marcel Dionne ya zura 731 bai taɓa cin kofi ba. Abin da nake nema shi ne me mutum ya yi da kansa a wasannin kofin.

Joseph ko Osgood

Wannan gardamar ta abokan aikinka mai daɗi ce, domin ita ce ma'aunin biyu suka yi karo ƙiri-ƙiri. Dukansu gololi ne. Osgood ya yi nasara a wasa 401 kuma yana da kofi uku da Detroit, a 1997 da 1998 da 2008, biyu na ƙarshe shi ne a raga. Joseph ya yi nasara a 454, ba kofi, ba kyautar Vezina ta gwarzon gola.

Ni Joseph nake ba. Osgood ya tsare raga a bayan Nicklas Lidstrom da Steve Yzerman da Sergei Fedorov, daga baya Pavel Datsyuk, wato ƙungiyar da ƙwallo ke wuni a hannunta. Aikinsa shi ne kada ya ɓata abin da aka gyara, kuma ya yi shi da kyau, musamman a 2008 da 2009. Joseph kuwa ya shafe shekarunsa mafi kyau a St. Louis da Edmonton da Toronto ana yi masa ruwan ƙwallaye. Nemi wasa na bakwai, wato na raba gardama a jerin wasannin neman kofi, tsakanin Edmonton da Dallas a 1997 ka kalla, Joseph ne a ragar Edmonton. An shiga ƙarin lokaci, wanda ya fara ci shi ya wuce. Ƙwallo ta faɗo gaban Joe Nieuwendyk na Dallas, raga a buɗe, Joseph yana can ɗaya gefen. Ya yi tsalle a kwance ya miƙa hannu ya danne ta. Ba a jima ba Todd Marchant ya tsere ta gefe ya ci wa Edmonton. Shekara ta gaba kuma suka fitar da Colorado, ita ma a wasa na bakwai. Ƙungiyoyin nan biyu sun fi Edmonton nesa ba kusa ba, golan ne ya rufe tazarar. Sau uku yana shiga cikin ukun ƙarshe na Vezina, a zamanin Patrick Roy da Martin Brodeur da Ed Belfour da Dominik Hasek, wanda shi kaɗai ya kwashe kyautar sau shida.

Masu goyon bayan Osgood suna da amsa mai ƙarfi, kuma adalci ne in faɗa maka ita. A 2002 Joseph ya koma wannan Detroit ɗin, ya yi kaka biyu a bayan waɗannan gwanayen, bai ci kofi ba, har ma Anaheim ta share su a zagayen farko na 2003. Osgood, wanda ya bar Detroit kafin nan, ya dawo ya ci a 2008. Amsata ita ce a jerin wasannin Anaheim ɗin 'yan gaban Detroit ne suka kasa zura ƙwallo a ragar Jean-Sebastien Giguere. Duk da haka hujjar tana da nauyi, kuma ba zan ce wanda ya riƙe ta bai san wasa ba. Tun da aka sa Tom Barrasso da Mike Vernon a 2023, barin Joseph a waje ya ƙara wuyar karewa.

Amma golan da ya fi su duka cancanta a yanzu shi ne Carey Price na Montreal. A kakar 2014-15 ya yi nasara a wasa 44, ya tare kashi 93.3 cikin ɗari na abin da aka harba masa, ya haɗa Vezina da kyautar Hart ta gwarzon gasar duka, abin da gola ba kasafai yake samu ba. A gasar Olamfik ta Sochi a 2014 ba a ci shi ko ɗaya ba a wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe. A 2021 ya ja Montreal mai matsakaicin ƙarfi har wasan ƙarshe na kofi. Nasararsa 361 ta fi ta kowane gola a tarihin ƙungiyar da ta yi Jacques Plante da Ken Dryden da Roy. An tsallake shi a 2025, shekararsa ta farko, kuma ba na jin zai daɗe a layi.

Waɗanda lissafi ba ya nuna aikinsu

Akwai 'yan gaba uku da nake ganin an jinkirta su fiye da kima. Rod Brind'Amour ya buga wasa 1,484, ya tara maki 1,184, ya ci kyautar Selke ta ɗan gaban da ya fi iya tsaro a 2006 da 2007, kuma shi ne kyaftin ɗin Carolina da ta ci kofi a 2006. An sa Guy Carbonneau a 2019 da maki 663 saboda irin wannan aikin na tsaro, kuma daidai ne. Brind'Amour ya yi aikin, ya kuma kusa ninka makin.

Patrik Elias ɗan ƙasar Cek ya yi duk rayuwarsa ta NHL a New Jersey, ƙungiyar da aka sani da fifita tsaro, a shekarun da ƙwallo ta yi tsada. Duk da haka ya tara 1,025, ya ci kofi a 2000 da 2003, kuma shi ya miƙa wa Jason Arnott ƙwallon da ta kawo kofin 2000. Henrik Zetterberg na Suwidin bai kai dubu ba, 960 ya tsaya, amma shi ne gwarzon wasannin kofi na 2008. A wasa na huɗu na zagayen ƙarshe da Pittsburgh an fitar wa ƙungiyarsa Detroit mutum biyu na ɗan lokaci saboda laifi, suka rage uku a gaban biyar. Zetterberg ya tare harbi da jikinsa, ya danne sandar Sidney Crosby na Pittsburgh a bakin raga lokacin da ƙwallo ke zuwa masa, sannan ya ƙwace ta ya tafi da ita can gaba yana cin lokaci. Babu maki ko ɗaya da aka rubuta masa a wannan minti, kuma shi ya tsare nasarar.

Keith Tkachuk mai ƙwallo 538 yana bakin ƙofa, ba zan yi faɗa da shigarsa ba. Patrick Marleau ya fi kowa yawan wasanni a tarihin NHL, 1,779, ya zura 566, yana da zinaren Olamfik biyu. Juriyarsa abin girmamawa ce, amma ban ga shekarun da ya kasance cikin 'yan ƙalilan da suka fi kowa ba, don haka a ma'aunina zai jira.

Theoren Fleury ya fi ba ni wahala. Gajere ne ƙwarai a wasan ƙatti, ya tara maki 1,088 a wasa 1,084, ya ci kofi da Calgary a 1989 da zinaren Olamfik a 2002. A kan wasa ya isa. Shaye-shaye da dakatarwa suka kawo ƙarshen zamansa a NHL, daga baya ya bayyana cewa kocinsa ya ci zarafinsa tun yana yaro, kotu kuma ta hukunta kocin. Sharaɗin hali yana da amfani, Alan Eagleson, tsohon shugaban ƙungiyar 'yan wasan NHL, sai da ya fice daga zauren a 1998 bayan an same shi da laifin zamba. Amma wanda ya cuci mutane daban, wanda aka cuta ya faɗa wahala daban, kuma ni zan ba Fleury ƙuri'ata.

Paul Henderson

Ka bi dattijon nan a hankali, domin abin da yake karewa ya wuce wasa. A watan Satumba na 1972, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Kanada ta kara da Tarayyar Sobiyet wasa takwas, huɗu a gida huɗu a Mosko. Mutanen Kanada sun ɗauka za su share su, sai suka tsinci kansu dole su ci uku na ƙarshe a Mosko. Henderson ne ya zura ƙwallon nasara a wasa na shida da na bakwai da na takwas, ta ƙarshen ana saura daƙiƙa 34 a tashi, ranar 28 ga Satumba, aka tashi 6-5. Makarantu sun dakatar da darasi yara suka kalla a talabijin. Mai yiwuwa dattijon yana cikinsu. Abin da ke ƙara masa zafi kuma, Tretiak da aka zura wa ƙwallon yana cikin zauren.

Duk da haka ba zan sa shi ba. A NHL ya buga wasa 707, ya zura 236, ya tara maki 477. Ɗan wasa ne nagari mai sauri, amma bai taɓa zama cikin fitattun zamaninsa ba. Tretiak bai shiga saboda 1972 kaɗai ba, ya yi shekaru fiye da goma yana gaban gololin duniya, da zinaren Olamfik uku. Karramawar nan ta aikin rayuwa ce gaba ɗaya, wata guda kuwa, komai girmansa, wata guda ne. Masu cewa ƙa'ida ta ambaci gudummawa ga wasan baki ɗaya suna da abin kamawa, kuma hukumar hoki ta duniya ta sa shi a nata zauren a 2013, inda wasannin ƙasa da ƙasa ne abin dubawa. A can ne gurbinsa ya dace.

Iyakar wannan hukunci

Ni mai kallo ne da nazari, ban taɓa shiga fili da waɗannan mutane ba, kuma waɗanda suka sha karo da su suna ganin abin da bidiyo ba ya nunawa. Kwamitin kuma a asirce yake aiki. Ba a faɗin wanda aka gabatar, ba a faɗin ƙuri'u, mambobi ba sa bayyana abin da aka tattauna. Mutum biyar sun isa su tare kowa, ba tare da sun yi wa kowa bayani ba. Wannan shi ne abin da zan so a gyara, ko da yawan ƙuri'un kawai za a riƙa fitarwa.

Dubi Alexander Mogilny. A 1989, yana ɗan shekara 20, ya sulale daga tawagar Sobiyet a Suwidin ya tafi Buffalo, shi ne ɗan wasan Sobiyet na farko da ya gudu zuwa NHL. Ya zura 76 a kakar 1992-93, ya gama da maki 1,032 a wasa 990, ya haɗa zinaren Olamfik da na gasar duniya da Kofin Stanley. Tun 2009 ya cancanci a duba shi, ba a sa shi ba sai 2025, tare da Zdeno Chara da Duncan Keith da Joe Thornton. Bai ƙara ko ƙwallo ɗaya ba a shekarun jiran, kuma babu wanda ya fito ya faɗi abin da ya sauya. Rogie Vachon ma ya bar wasa a 1982, sai 2016 aka kira shi. Gurbi huɗu ne a shekara, sababbi kuma suna ta isowa: Patrice Bergeron mai Selke shida zai cika shekara ukunsa a 2026, kuma da wuya a tsallake shi. Da a ce ina da kujera a ɗakin a wannan shekarar, sauran gurabe ukun Price da Brind'Amour da Joseph zan ba, Elias da Zetterberg da Fleury su biyo baya a shekara ta gaba.